Yadda na canza taimar firjinmu da hannuna, bayan an kusa sa ni sayen gas a banza

Firjinmu ɗan Kwatano ne, mai ƙofa biyu, irin wanda ba ya tara ƙanƙara a jikin bango. Shekara biyar yana gidan nan bai taɓa ba mu ciwon kai ba, sai ana saura kwana goma a kama azumi uwargida ta tare ni tun ban cire takalmi ba ta ce, "Baban Ummi anya firjin nan lafiya kuwa? Sama nama ya daskare kamar dutse, ƙasa kuma kamar kabad." Ita tana zobo da kunun aya na sayarwa, kuma duk wanda ya san kunun aya ya san ba ya jiran kowa, in bai samu sanyi ba kafin la'asar ya yi tsami sai dai a zubar.

Na kira wani mai gyara, ya zo ya ɗora hannu a bayan firjin kamar mai duba zazzaɓi, ko noti ɗaya bai kwance ba ya ce, "Alhaji gas ne ya yi ƙasa." Ya yanka min kuɗi, na ce ya bari sai jibi don gaskiya a ranar aljihu ba nauyi. To cikin ikon Allah daren nan taransifomar layinmu ta samu matsala, muka kwana muka wuni ba wuta, da aka kawo sai ga firji yana sanyi sama da ƙasa ras, sai ruwa da ya malale a kicin. Nan na fara tunani, gas ɗin da ya zube ai ba ya komowa da ƙafarsa. Bayan kwana takwas kuma cutar ta dawo sak yadda take.

Wani abokina da muka yi sakandare tare, aikin gyaran esi (na'urar sanyaya ɗaki) yake yi a Kaduna, shi ya warware min a waya. Ya ce mutumina firjinka ba wai ba ya yin ƙanƙara ba ne, yana yi, a ɓoye take bayan murfin da ke cikin firiza inda bututun sanyi da 'yar fanka suke, fankar ce ke hura sanyi zuwa ƙasa ta wata 'yar hanya. Akwai wani ɗan akwati da ake ce wa taima, agogo ne mai ƙaramin moto a ciki, bayan wasu awanni (wani 6, wani 8, wani har 12) sai ya kashe kwamfuresa, injin da ke kawo sanyin, ya kunna hita kamar minti 20 zuwa 30 ta narkar da ƙanƙarar, sannan ya mayar da aiki. In ya tsaya, ƙanƙara za ta yi ta taruwa har ta toshe hanyar iska. Kuma ya faɗi wani abu da ya ba ni dariya, wai watakila taimar ta daɗe da mutuwa, ɗauke wuta ne yake rufa mata asiri tunda kullum ƙanƙarar na narkewa da kanta, sai da aka mai da layinmu Band A wuta ta fara zama sannan asiri ya tonu. Ka ji fa, wutar da muke biya da tsada ita ta kawo ƙara.

Ya ce kar in narkar da komai tukuna, in gwada yana daskare. Dalili, akwai wani ɗan maɓalli maƙale a jikin bututun, baimetal suke ce masa, ba ya barin wuta ta wuce zuwa hita sai yana cikin sanyi sosai, in ka bari ya huce ka gwada sai ka ɗauka hitar ce ta mutu ka je ka sayi abin da lafiyarsa ƙalau.

Tawa taimar a baya take, ƙasa kusa da kwamfuresa, na wasu kuma tana ciki wajen da ake murɗa sanyi, sababbin firji masu allon lantarki ma ba su da ita sam. A jikinta akwai wani rami mai ɗan kan roba, na sa sukundireba mai baki ɗaya na dinga murɗawa a hankali ta ɓangaren da agogo ke tafiya, ba a mayar da shi baya. Can sai na ji ƙas! kwamfuresa ta yi tsit. Na buɗe firiza na kasa kunne, bayan 'yan mintuna na fara jin cau, cau, ruwa na ɗiga kan hita mai zafi. Kenan hita lafiya, baimetal lafiya. Na zauna a kan turmi ina duba agogo har minti 50 taima ba ta mayar da kwamfuresa ba sai da na sake murɗawa da hannu. Shi ke nan an kama ɓarawo.

Na zare filogi daga soket kafin in taɓa kowace waya, wannan kam ba a wasa da shi, na ɗauki hoton wayoyin guda huɗu da wayata, har na naɗa musu salatif na rubuta 1, 2, 3, 4 kamar yadda yake a jikin ƙafafun taimar. Sai na yi wautar da har yanzu nake jin haushinta, na bar tsohuwar a gida na tafi Sabon Gari da hoto kawai. Yaron shagon ya kalli hoton ya ce, "Oga irinta ce wannan," ya miƙo min wata, kamanninsu ɗaya, na biya na taho ina jin kaina injiniya. Na haɗa, firji ya tashi, ko minti goma ba a yi ba sai warin ƙonewar roba. Da na cire na haska rubutun jikinta da tocila, 115V 60Hz, ta firjin Amurka ce, mu kuwa wutarmu 220 zuwa 240 ce, 50Hz. Moton cikinta ya soye. Laifina ne, rubutun yana nan ɓaro-ɓaro ban karanta ba, don haka ko komawa rigima ban yi ba.

Washegari na tafi da tsohuwar a aljihu, wani shagon daban, na jera su biyu a kan kanta na duba ƙarfin wutar da aka rubuta, na duba awanni, tawa ta awa 8 ce. Dattijon mai shagon ya ja hankalina kan abu guda, ya ce in bi lamba kar in bi jeri, don wani kamfanin jerin ƙafafunsa daban ne, kuma in duba zanen wayoyin da ke manne a bayan firjin. Da na dawo na goge ƙurar takardar nan sai ga shi komai a zane, shekara biyar ban taɓa kallonta ba.

Kafin in haɗa sai da na kwance murfin cikin firiza, wallahi ƙanƙarar da na gani ta kai kaurin bulo, fanka ma tana gugarta. Uwargida ta ɗauko wuƙa wai ta taya ni, na ce Hajiya ajiye don Allah, bututun nan alminiyom ne mai laushi, huda ɗaya gas ya tafi da gaske, kuma takardar baya ta nuna R600a ne, mai kamawa da wuta. Sai na huda murfin robar ruwa da ƙusa, na cika ta da ruwan ɗumi ina fesawa, na kafa fankar ɗaki a bakin ƙofar. Ya ci min awa biyu da tawul uku. Ramin da ruwa ke bi ya sauka shi ma ya toshe da ƙanƙara da wani ɓawon albasa, sai da na yi ta ɗura masa ruwan ɗumi har na ji yana zuba a tiren baya.

Haɗawar kanta ba ta kai minti biyar ba, noti biyu da waya huɗu. Na sa filogi da ƙarfe biyu na rana, na murɗa sabuwar har ta yi ƙas ta shiga narkarwa, na bar ta, bayan minti ashirin da wani abu ta tada kwamfuresa da kanta. Da daddare wajen sha ɗaya saura ina kicin da kofin shayi kamar mai gadi, sai na ji ƙas ɗin nan ba wanda ya taɓa ta.

Tsohuwar kuwa na fasa ta don in ga abin da ya kashe ta, wani ɗan faifai ne mai haƙora na roba bai kai ƙwayar gyaɗa ba haƙoransa uku sun cinye, sai kashin kyankyaso cike a gefe. Ummi ta ɗauke ta tana murɗawa tana jin ƙas ƙas, yanzu haka tana cikin kwandon kayan wasanta.