Kwanon da muka daina aikawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa na gida. Ina rubuto muku daga Nima, cikin birnin Akra, inda Allah ya ajiye ni da iyalina. Muna lafiya, sai kewarku.

A azumin da ya wuce ƴata mai shekara 8 ta yi mini tambayar da ta hana ni sakewa. Muna shan koko da ƙosai bayan magariba ta ce, "Baba, mu ba ma yin sadaka ne?" Na buɗe baki zan musa, sai na ga gaskiyarta. Duk abin da nake bayarwa ta waya yake fita. In latsa MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, sidi 50 na kuɗin Gana ta tafi ga wata gwaggo, sidi 20 ga masallaci, yarinya kuwa ba ta ga komai ba sai uba yana taɓa waya.

Mu da muka tashi a Kano ba haka muka koya ba. Inna za ta zuba tuwo a kwano, ta rufe da faifai, ta ce, "Maza kai wa Baba Tsoho, ka ce ina gaishe shi." Kana tafe zafin kwanon na cin tafin hannunka. Ka durƙusa, ka ji addu'a da kunnenka, wata rana har a ba ka tukwici. To, ban ce ba don tukwicin muke rige-rigen zuwa ba, amma ƙafa ta saba da hanya.

Da farko na so in gyara da ƙarfi, na kuma ɓata. Na tilasta wa yayanta ya ba wata yarinya mai dako, irin waɗanda ake kira kayaye, kuɗin tararsa na makaranta. Ya miƙa yana kumbure-kumbure, ko kallonta bai yi ba. Kunya ta kama ni, domin ita ma ta lura. Uwarsu ce ta ce mini, "Malam, ƙwace ka yi, ba kyauta ya yi ba."

Da zakkar fidda kai ta zo sai na ajiye waya. Na sayo shinkafa, na zube ta a tabarma, kowane yaro ya auna mudun Annabi huɗu na kansa da hannunsa, ya kuma faɗi gidan da yake so a kai. Ashe sun fi ni sanin gidan da ba a ɗora tukunya. Da babbar salla ma su suka raba nama a gidan hayarmu, har ɗakin maƙwabtanmu Kirista ƴan ƙabilar Ga da Ewe. A nan ba abin mamaki ba ne. Babban limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya je cocin Katolika na Christ the King ranar Ista a 2019, yana cika shekara 100.

Jiya na dawo daga kasuwa na tarar autarmu ta raba wankenta na shinkafa da wake gida biyu a kan ganye. Ta ture ƙwan zuwa ɓangaren ƙawarta, ta ɗan yi shiru, sannan ta dawo da shi ta gutsure rabi.

A gaishe mini da kowa da kowa. Ku riƙa sa mu a addu'a.