Fam ɗin 1917: harafin da aka kankare

Alhamdu lillahi 'yan uwa, wani fam ɗin zinare na Ingila mai doki na 1917 da aka kawo min ya tona kansa, kuma ba na Landan ba ne.

Dillaliyar da ta kawo shi ta ce daga sarƙar gado aka ciro shi, kuma wani ya riga ya faɗa wa masu shi cewa tunda babu harafi a ƙarƙashin dokin, bugun Landan ne, don haka kuɗinsa ya ninka na zinarensa nesa ba kusa ba. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Na Landan na wannan shekarar yana cikin mafiya wuyar samu a zamanin Sarki Joji na Biyar, domin yawancinsu narkar da su aka yi. Wannan ne ma ya sa 'yan jabu suka fi ƙaunar shekarar.

Sikeli ya ba ni giram 7.96, ga ƙa'ida 7.98, ragin bai wuce na sawa ba. Faɗi milimita 22 daidai. Wani maƙeri a Sabon Gari ya ɗauko dutsen gwaji zai goga, na riƙe hannunsa. Zinare dai zinare ne, ba nan rigimar take ba.

Rigimar tana tudun da dokin ya taka, saman shekarar, inda a da ake buga harafin garin da aka ƙera fam ɗin: S ta Sydney, M ta Melbourne, P ta Perth ko C ta Ottawa; na Landan ba shi da harafi. An wanke fam ɗin an goge shi har yana ɗaukar ido, to da gilashin hannu wurin sumul yake, ba ka ganin komai. Na duba a rana, na duba a inuwa, na duba da fitilar waya a tsaye, shiru. Haushi ya sa na sayi ƙaramin madubin ƙara girma mai haɗuwa da waya, N35,000, kuɗin da har yanzu suke min ciwo, shi ma da farko ƙyalli kawai ya riƙa nuna min.

Abin da ya yi aiki shi ne kashe fitilar madubin da ta ɗaki, na kwantar da tocila a gefe kusan daidai da fuskar fam ɗin, na riƙa juya shi a hankali. Na ajiye na Landan na 1925 a kusa don kwatance. A na 1925 tudun yana da gargada iri ɗaya daga farko har ƙarshe. A na 1917 kuwa, tsakiyar tudun ya ɗan lotsa, gargadar ta yanke, ga siraran zane guda-guda duk sun nufi gefe ɗaya, saɓanin zanen goga da ke ko'ina a warwatse. An kankare harafin ne aka bi da wanki don a ɓoye. Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna. Zatona P ce ko S, su ne suka fi yawa a shekarar.

A bakinsa kuma akwai haƙora uku da suka manne, shaidar walda inda aka taɓa maƙala masa kunnen sarƙa. Kusan duk fam ɗin da ke yawo a Kano haka yake, daga wuyan iyayenmu mata ya fito, da yawa tsarabar Makka ce. Ina roƙonku, in kun samu wanda ya dushe, kada ku kai a wanke. Dushewar nan ita mai tara tsofaffin kuɗi yake nema, wanki kuma ba ya komawa baya.

Na yi wa dillaliya tayin kuɗin nauyi, na tura mata hoton lotsawar ta nuna wa masu shi. Ta ce za su yi shawara. Akwai wani na 1918 mai harafin I na Bombay da aka ce za a kawo min daga Fagge. Shekarar kaɗai aka buga shi a can, shi ma tocilar zan kwantar masa.