Awa biyun da suka sa na wuce miƙati ina barci

Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci wallahi, don ba wanda ya cuce ni, lissafina ne kawai. Tikitin umarata ya nuna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 11 na dare, sauka Jidda 5:45 na asuba, ni kuwa na ƙirga da yatsu na ce to kusan awa bakwai ke nan a sama. Ashe kowane lokaci a jikin tikiti agogon garin ne, kuma Saudiyya ta riga mu da awa biyu cif. Tsakanin Kano da Jidda wajen kilomita 3,400 ne, tafiyarmu ko awa biyar ba ta cika ba.

Wani dattijo a gefena tun a Kano ya ɗaura haraminsa, har ya ce min "yaro ba ka shirya ba?" na ce Baba akwai lokaci, nawa yana jakar hannu a sama, sanyin jirgi nake gudu. Na saita alam ƙarfe 4, wayar tana yanayin jirgi, agogonta na nan a Kano, na ja bargo. Dattijon ma barci ya kwashe shi bayan ya yi niyya. An yi sanarwar miƙati, wato iyakar da mai umara ba ya wucewa sai da harami da niyya, ban ji ko kalma ɗaya ba, abin da ya tashe ni dirar taya a ƙasa, na duba waya 3:45, ga ni da jallabiya da hula kowa fari fat yana Labbaika. Jikina ya yi sanyi, hawaye suka zubo min.

Malamin tawagarmu ya ce tunda ban yi niyya ba, in koma miƙati in ɗauko harami, in kuwa na ɗaura a Jidda to yanka ya hau kaina. Na zaɓi komawa. Na ɗau tasi har miƙatin Juhfa kusa da Rabig, kuɗin da na ware na tsarabar Hajiyarmu a nan suka tafi, abokan tafiya kuwa sun gama ɗawafi da sa'ayi har sun yi aski ni ina kan titi. Duk saboda awa biyun nan.

Don Allah in za ka sauka Jidda kai tsaye ka cire awa biyu daga abin da ka ƙirga, kuma kar ka yarda da agogon waya. Jirage da yawa suna kauce wa samaniyar Sudan tun yaƙin 2023, tafiyar kan ɗan ƙara tsawo, amma awa biyun na nan. Ka ɗaura zanen tun a Kano, ka yafa bargo in sanyi ne, niyya kawai za ka jira. A dawowa lissafin juyewa yake, tikiti zai nuna kamar ƙasa da awa uku, sai ka ƙara biyu. Ƙanina da zai tafi bana sau uku na kira shi a kan maganar nan, na ce da haraminsa ya bar gida.