Daga Wolverhampton zuwa Ƙofar Heyhoe Flint

Yayyafi ake yi da safiyar da muka fito, irin na Ingila wanda ba ya jiƙa mutum nan take, sai ya yi nisa ya ji sanyi ya ratsa shi har ƙashi. 'Yar yayana da na sauka wajenta a Wolverhampton, wadda ke karatun aikin jinya, ta so mu bari sai gari ya yi kyau. "Goggo, ƙofa ce fa kawai," in ji ta, "tana nan, ba inda za ta." Na ce mata mun riga mun yanki tikiti, kuma kwana uku suka rage mini in koma gida. Ta ɗauko laima biyu, muka kama hanya.

Ni malamar wasannin motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata, yau shekara ashirin da ɗoriya. Kurket kuwa, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, a makare na san shi. A watan Janairun 2025 ne 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da ratar maki biyu a gasar cin kofin duniya a Malesiya, ɗalibaina suka tsare ni da tambaya kan wasan, ni kuma na shiga bincike don in samu abin faɗa musu. A nan na ci karo da sunan Rachael Heyhoe Flint, tsohuwar kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta matan Ingila. Abin da ya fara kama ni shi ne sana'arta ta farko: ita ma malamar motsa jiki ce, iyayenta duka biyu su ma haka. Da Allah ya yi zan zo garin da aka haife ta a 1939, sai na ƙudurta ba zan koma ba sai na bi sawunta har Landan, in ga ƙofar da aka sa wa sunanta.

Kafin tasha muka ratsa ta Molineux, filin ƙwallon ƙafar Wolverhampton Wanderers, wanda ba shi da nisa da tsakiyar gari. Ranar ba wasa, wurin tsit, sai ma'aikata jefi-jefi. Muka tsaya gaban mutum-mutumin Sir Jack Hayward, attajirin da ya taɓa mallakar kulob ɗin. Masu zuwa nan saboda ƙwallon ƙafa suke tunawa da shi. Ni saboda fam 40,000 na tsaya. Kuɗin da ya bayar ke nan aka shirya gasar cin kofin duniya ta kurket ta mata a 1973, shekara biyu kafin maza su yi tasu ta farko a 1975. Rachael ce ta nemo shi tun ba su san juna ba, lokacin da take fafutukar kuɗin tafiyar ƙungiyarta Jamaika, domin a zamanin 'yan wasa mata ba a biyan su ko kwabo. Malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis, su nemi hutu a wajen aiki, su haɗa kuɗin jirgi da na kayan wasa daga aljihunsu ko daga gudummawa. Kyaftin ce, amma ita ce mai neman tallafi, ita ce kuma mai rubuta labarin wasan ta aika wa jarida bayan an tashi, don in ba ta rubuta ba da wuya wani ya rubuta. Duk malamin da ya taɓa yawo da takarda ofis-ofis yana neman kuɗin motar da za ta kai yara gasa ya san nauyin wannan aiki. Daga baya ta zama darakta a wannan kulob na Molineux a 1997, sannan mataimakiyar shugaba.

Jirgin ƙasa ya tashi da mu wajen ƙarfe tara. Bayan gari sai tsofaffin masana'antu na jan bulo da magudanan ruwa da aka haƙa tun zamanin kwal da ƙarfe. Da muka tsaya a Birmingham, 'yar yayana ta nuna mini kudu da hannu, ta ce can Edgbaston yake. A wannan fili ne, ranar 28 ga Yuli 1973, Ingila ta doke Ostareliya da maki 92 a wasan da ya raba gardama. Enid Bakewell ta ci maki 118, Rachael ta ci 64, Gimbiya Anne ta miƙa mata kofi. Ƙungiyoyi bakwai suka fafata, ciki har da Jamaika da Trinidad da Tobago, sannan aka haɗa ƙungiyar matasan Ingila da wata ta 'yan ƙasashe daban-daban don a cike adadi.

Daga Coventry zuwa gaba kore ne iyakar ganinka, da tumaki da shinge. Yarinyar ta yi barci, don aikin dare ta yi, ni kuma na zauna ina juya abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin matar nan. Tun 1966 take jan ragamar Ingila, ba a taɓa doke ta a jerin wasannin Tes ba, wato doguwar karawar da ake kwanaki ana yi. Ita ce mace ta farko da ta buga ƙwallo ta tsallake iyakar fili a sama, bugun maki shida, a wasan Tes, a 1963. A 1976 a filin Oval ta tsaya da sanda fiye da awa takwas da rabi, ta ci maki 179, don kawai kada Ostareliya ta yi nasara, kuma ba ta yi ba. Bayan duk wannan, a 1977 hukumar kurket ta mata ta tuɓe ta daga kyaftin, aka tafi gasar duniya ta 1978 a Indiya ba da ita ba. 'Yan uwanta mata ne suka yi mata haka, ba mazan da take ja da su ba. A ganina an zalunce ta. Sunanta ya yi girma, ana kiran ta talabijin da wajen taro, wasu kuma suka ga kamar ta shafe kowa. Da wata ce, da ta yi fushi ta tattara kayanta. Ta dawo ta yi wasa ƙarƙashin wata kyaftin, har gasar duniya ta 1982 tana da shekara 42.

Mun sauka Euston kafin sha ɗaya, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canza layi sau ɗaya, muka fito St John's Wood. Unguwa ce ta masu hali, da manyan bishiyoyi da gidaje farare. Tafiyar 'yan mintoci sai ga katangar Lord's, shahararren filin kurket.

Masu yawon buɗe ido ta ƙofar Grace suke shiga, wadda aka sa wa sunan W. G. Grace, gwarzon kurket na ƙarni na 19. Muka bi ayari, mai yi mana jagora wani dattijo ne da taye. Ya nuna mana ɗan tulun tokar nan da Ingila da Ostareliya suke takara a kansa, ƙarami ne ƙwarai, tafin hannu ya ishe shi. Ya nuna mana yadda filin ya karkata, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da wajen mita biyu da rabi. Sannan muka shiga tsohon ginin 'yan ƙungiya, muka tsaya a dogon zauren da 'yan wasa ke ratsawa in za su fita fili. Bango cike da zanen fuskokin mutanen da, ƙasa na ƙara a ƙarƙashin takalmi, kowa ya rage murya ba tare da an ce masa ba.

Ƙungiyar kurket ta Marylebone, wato MCC, mai wannan wuri an kafa ta a 1787, kuma sama da shekara 200 ba ta da mamba mace. Rachael ta jagoranci Ingila a wasan mata na farko da aka yarda a yi a wannan fili, ranar 4 ga Agusta 1976, suka ci Ostareliya. Amma buga wasa a fili daban, zama 'yar gida daban. A 1991 ta cike takardar neman zama mamba, aka kaɗa ƙuri'a, aka ƙi. A farkon 1998 aka sake, masu goyon baya suka fi rabi amma ba su kai kashi biyu cikin uku da doka ta nema ba. Sai a Satumbar shekarar aka samu kusan kashi 70 cikin 100. A 1999 ta shigo cikin mata goma na farko, tana gab da cika shekara 60. Da ta shigo kuma ba kujera ta nema ta zauna kallo ba. A 2004 aka zaɓe ta cikin babban kwamitin ƙungiyar, mace ta farko, a 2010 ta shiga hukumar gudanarwar kurket ta Ingila da Wales, a 2011 ta shiga Majalisar Dattawan Birtaniya. Tana cikin hukumar a 2014 lokacin da aka fara bai wa 'yan wasa mata 18 kwantiragi da albashi.

Ina tsaye a zauren nan sai na tuna wani fili da ke bayan ajujuwanmu, ciyawa ta cinye shi. Sau uku ina rubuta takarda a ba ni shi in gyara wa yara, sau uku ana ce mini 'yan mata tsalle-tsallen safe ya ishe su. Bayan ta ukun na daina. Na lissafa a raina: tsakanin takardarta ta farko da ranar da aka buɗe mata, shekara takwas ne.

Ta rasu ranar 18 ga Janairu 2017 tana da shekara 77. Wata shida bayan nan, fili ya cika maƙil, Ingila ta doke Indiya da maki tara a wasan ƙarshe na kofin duniya a nan Lord's, ba ta gani ba. Ba ta ga 2021 ba, lokacin da Clare Connor, ita ma tsohuwar kyaftin, ta zama mace ta farko da ta shugabanci MCC.

Da aka gama zagaye na sayi jar ƙwallo guda a shagonsu, muka fito muka bi katanga ta titin St John's Wood har ƙofar gabas. Ita ce aka sake ginawa aka sa mata sunan Heyhoe Flint a Agustan 2022, ɗanta ya buɗe. Ƙofa ce ta ƙarfe a bakin titi, motoci na wucewa, mutane na sauri da laimominsu, ba mai ɗaga kai. Na karanta sunan a hankali. Na ɗora hannu kan ƙarfen, da sanyi, da ɗigon ruwa. 'Yar yayana ta ɗauke ni hoto, ta ce in gyara mayafina ta sake ɗauka.

Azahar ta yi, muka gangara babban masallacin Landan da ke gefen lambun Regent's, tafiyar ƙafa kaɗan. Muna sa takalma bayan mun idar ta juyo ta dube ni.

"Goggo, filin nan da kike nema, girmansa nawa ake bukata?"

Na ce tsakiyar da ake jifa da bugu yadi 22 ne tsawonsa, sauran kuma duk abin da aka samu, in dai an share ƙaya.

Ta ciro wayarta. "To faɗa ina rubutawa. Wa za a aika wa?"