Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Watan da Kuɗi Suka Ɓace a Kwari

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce mun tsaya ne a inda Alhaji ya damƙa min makullin shagonsa na biyu a Kantin Kwari, da yara a ƙarƙashina. To ko gama sabawa da kujerar ban yi ba sai ga rikicin canjin kuɗi. Kun dai tuna, babban bankin Najeriya, CBN, ya sauya takardun naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, aka ce 31 ga Janairun 2023 tsoffin sun daina aiki, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ko a banki sai ka kwana a layi.

Wallahi Kwari ta rikice. Kowa ya koma taransifa, netwok kuma yaƙi, mutum zai tura kuɗi a cire masa amma kai shiru ba alat, ga masu POS sun tsuga caji, ga baƙinmu na Maraɗi da Damagaram sun canzo sefa a Wapa an zuba musu a asusun wani, sai an kira shi ya tura. Shago ya zama gidan hayaniya, waya biyu a hannuna duk suna ƙara.

Ran nan bayan azahar Alhaji ya leƙo. Shi ɗabi'arsa ce in ya idar da sallah baya zabura ya tashi, sai ya ɗan zauna shiru tukunna, 'yan layinmu har tsokanarsa suke wai ciniki na wuce shi. Yana shigowa ya karɓi wayoyina ya jefa a durowa, ya haɗa da tasa.

Nace, "Alhaji ana kira fa."

Yace, "Na waya zai sake kira. Wannan baiwar Allah mota ta hau tazo."

Ya juya wajen wata Hajiya da tun ɗazu take faɗa akan turmi goma na atamfa da ta biya kuɗin basu shigo ba. Bai katse ta ba ko sau ɗaya, har ta gaji ta sauke murya da kanta. Sannan ya karɓi rasit ɗin ya karanta lamba bayan lamba, yasa aka ɗaure kayan aka rubuta sunanta a jiki, yace taje ta gama sauran siyayya. Kafin la'asar kuɗin suka faɗo.

Amma abinda ya tsaya min a rai daban ne. Ana cikin sauke bandir ɗin shadda sai naga Alhaji ya ƙura wa ƙaramin yaronmu ido, hannun yaron na rawa, leɓensa ya bushe. Ya kira shi gefe a hankali, yadda sauran ba zasu ji ba. Ashe tun daga Kurna yake takowa a ƙasa don mai adaidaita sai tsabar kuɗi, mai abinci ma haka, tun jiya da rana rabonsa da abinci, kunya ta hana shi faɗa. A take Alhaji ya aika aka kira mai abincin layinmu, suka yi magana ta dinga zuba wa yara kullum, ran Alhamis a tura mata ta asusun ɗanta.

Ni dai a ganina yawancin masu gida a kasuwa ba mugunta ce ke damunsu ba, hankalinsu ne baya shagon, yana kan farashin dala da kwantenar da bata iso ba. Daga ranar na ɗauki tsarin durowa, kuma da safe kafin a ɗaga ƙofa sai na gaisa da kowane yaro ɗaya bayan ɗaya ina kallon fuskarsa. Babban cikinsu bai so ba, gani yake sa ido ne, har ya kai ƙarata wajen Alhaji.

Yadda muka kwashe da shi, da kuma mutumin da yazo mana da alat na bogi ana saura kwana biyu zaɓen shugaban ƙasa, sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.