Wata uku kafin a ga canji: abin da na koya wajen inganta maniyyi

Da na fara gyara rayuwata saboda neman haihuwa, abin da na fara ganewa shi ne aikin ba na mako guda ba ne. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala a maraina, sannan ta ƙara kusan mako biyu tana nuna a bututun da ke bayansu. Wato gwajin maniyyi na yau labarin wata ukun baya yake bayarwa. Zazzaɓi mai zafi kaɗai ya isa ya karya sakamako, shi ya sa ba na yarda da gwaji ɗaya.

Shi kansa gwajin yana da ƙa'ida. Ana ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, a tara maniyyin duka a kwalba, musamman na farkon fitowa, domin nan ƙwayoyin suka fi yawa. A sa kwalbar a aljihun da ke manne da jiki, a kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 kuma suna motsi.

Da matsalar zafi na fara gyaran, don ta fi sauƙin magancewa. Maraina suna buƙatar sanyi fiye da sauran jiki da digiri biyu zuwa huɗu. Na daina ɗora kwamfuta a cinya da jiƙa jiki a ruwan zafi, na koma kamfai mai sakewa, ina kuma miƙewa duk bayan awa guda idan zama ya yi tsawo. Rage teɓa ya fi cin lokaci, amma dole ne, domin kitse yana juya sinadarin maza zuwa na mata. Sigari, shisha da wiwi kuwa barinsu ake yi ɗungurungum, barasa ma haka.

Abin da ya fi damuna shi ne masu yin allurar testosteron, wato sinadarin maza, don ƙarin ƙarfi ko gina jiki. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ji sinadarin ya wadata a jini, sai ta daina aika wa maraina umarnin aiki. Mutum yana jin ƙarfi, sha'awa ta ƙaru, amma ƙwayoyin suna raguwa, wani ma su ƙare ƙaf, kuma farfaɗowa kan ɗauki watanni bayan an daina. Duk wanda ke kan irin wannan allura ya gaya wa likita tun kafin gwaji.