Ja wa faifan juya jirgi wuta a ƙaramin layin dogona

Ƙaramin layin dogon da nake ginawa a ɗakin baya na sikelin HO ne, kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, tsakanin ƙarafan biyu milimita 16.5. A cikinsa babu abin da ya ba ni wahala kamar faifan juya jirgi, wato gadar nan mai zagayawa cikin rami don a mayar da fuskar kan jirgi mai tururi inda ya fito.

Ina aiki da DCC ne, tsarin sarrafa ƙananan jirage ta wutar layi, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro. A nan wuta ba ta barin layi, kusan bolt 14 kullum, umarnin tafiya kuma a cikin wutar yake bi har ya isa dikoda, wato 'yar na'urar da ke karanta umarnin a cikin kan jirgi. To, da gada ta yi rabin zagaye, ƙarfen dama ya koma hagu, alhali wutar ƙarafan biyu kishiyar juna ce. Tayar gaba na taɓa layin waje sai wuta ta haɗu, akwatin sarrafawa ya ɗauke komai ɗif.

Da farko na dogara da tsagaggen zoben tagullar da ke ƙarƙashin gadar. Yana musanya wutar da kansa, gaskiya ne, amma a daidai tsagar akwai wurin da babu wuta. Kan jirgina mai sauti yana cikin huci sai ya yi tsit, fitila ta mutu, sannan sautin ya sake farawa daga tushe. Abin ya dame ni ƙwarai, domin saboda wannan hucin na yi tanadin kuɗinsa.

Sai na ciro faifan, na cike tsagar, kowane ƙarfe ya samu zobensa cikakke, na bi da wayoyin gadar kaɗai ta cikin na'urar musanya wuta mai aiki da kanta. Ita da ta ji alamar haɗuwa take juya wutar, tun akwatin bai farga ba. Injin da ke juya gadar kuwa na ware masa wutarsa daban.

Ciro faifan ne ya fi yi mini ciwo. Na riga na manne bakin ramin, na zuba tsakuwa kafin gwaji, dole na kankare aikin mako biyu da wuƙa. Yanzu duk layin da na like da dalma sai na auna shi da mitar wuta, in ɗora kwabo a kan ƙarafan in ga ko wuta za ta yanke nan take. Layukan rumfar ajiya kuma kowanne na sa masa makunni, don kada kawunan jirgi biyar su yi ta huci a lokaci guda.